Shaidar Sarkin Pawa a Bakin Iyakar Madina

Tun da na dawo daga Madina ban samu na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya iso wurin hirarmu ta ƙofar gida sai ya ce, "Malam Isiyaku, wai da gaske Turawa ne suka kai ka ƙasa mai tsarki?" Akwai ma wanda ya rantse ɗan leƙen asiri na zama, ni da ko makullin babur ɗina ba na iya ɓoye wa 'ya'yana. Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na zauna na rubuta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Aikina tafinta ne a kotu a Kaduna, na tsufa ina juya Hausa zuwa Turanci, Turanci zuwa Hausa. Wani lauya da muka saba ne ya kira ni ofishinsa ya faɗa mini maganar. Majalisar dokokin wata ƙasar Turai ta kafa kwamiti yana binciken daraktocin wani kamfanin haƙar ma'adinai na ƙasarsu. Shekarun baya, a wata ƙasa ta tsakiyar Afirka, sojoji sun ƙone zangon Hausawa da ke jikin mahaƙar kamfanin, suka kashe mutane, kuma a manyan motocin kamfanin aka kwaso sojojin. Daraktocin ba su musa zancen motoci ba. Abin da suka tsaya a kai shi ne su suna can Turai, babu wanda ya sanar da su komai. Mutum ɗaya ne ya ce ƙarya suke yi, shi da bakinsa ya gaya wa ɗayansu tun kafin abin ya faru. Shi ne Sarkin Pawan zangon, Baba Ɗanladi, wanda yanzu yake zaune a Madina. An taɓa aika muryarsa a kaset, lauyoyin kamfani suka ce ai murya ta kowa ce. Don haka kwamiti ya yanke shawarar tura ɗan majalisa guda ya gan shi ido da ido ya ji daga bakinsa, kafin su rufe zama. In ba a samu wannan shaida ba, daraktoci sun sha. Ana neman tafinta, kuma Musulmi. Ban bari lauya ya ƙarasa tambayar ba na ce na yarda.

Kuskurena na farko shi ne da na bari labari ya bazu. Ina da abokin makaranta a Madina, Dakta Habibu, mai harhaɗa magunguna a wani asibiti, kuma a gidansa zan sauka. Mahaifiyarsa na jin zan tafi ta aiko da saƙo: kuka, kuɓewa busasshiya, yaji, da wata ƙatuwar leda ta daddawa. Na ce wa matata ina zan kai wannan? Ta ce in kai inda aka aike ni. Haka ta danne jakar da gwiwa ta zuge, kayana biyu suna tsakiyar daddawa.

Motar haya na shiga zuwa Kano. Direban yaro ne mai son gudu, kuma duk motar da ya wuce sai ya leƙo ya yi mata tsaki. Wajen Kwanar Ɗangora taya ta fashe, muka fito muka tsaya cirko-cirko a rana, yana ta zagin taya kamar ita ta tuƙa kanta. Na yi ta duba agogo ina tsoron kada jirgi ya tashi ya bar ni. Ashe wahalar banza na ba kaina, don jirgin ma bai iso Kano ba sai washegari. A cikin jirgi kuma Allah ya haɗa ni da wata tsohuwa 'yar Gumel, tafiyarta ta farko. Jirgi na ɗagawa ta damƙe hannuna ta ce, "Ɗan nan, yi mana addu'a, kai da alama malami ne." Na karanta abin da na sani, ni ma don kaina nake karantawa. Da aka kawo abinci ta buɗe ta leƙa, ta rufe, ta ciro ƙuli-ƙuli daga bakin zaninta ta gutsura mini.

A filin jirgin Jidda aka zo binciken kaya. Wani matashin jami'i mai tsaftataccen gemu ya nuna jakata. Na buɗe. Ya cusa hannu ya ciro ledar nan, ya kwance bakinta, ya kai hanci. Wallahi sai da ya ja da baya taki guda. Ya kira abokin aikinsa, shi ma ya shinshina ya kawar da kai. Suka yi ta tambayata da Larabci, ni kuwa Larabcina na karatu ne, ba na rigima ba. Na nuna baki, na nuna ciki, na ce halal. Can wani mai shara baƙin mutum ya matso ya yi musu magana suka yi dariya, sannan ya juyo ya ce da ni da Hausa, "Alhaji ɗaure kayanka ka wuce, na ce musu miya ce." Jami'in ya ɗaure ledar da yatsu biyu ya miƙo mini yana ɗauke numfashi. Daga ranar har na bar ƙasar, babbar rigata ba ta daina ƙamshin miyar kuka ba.

Daga Jidda bas na hau. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya, ba rami ko ɗaya, har na ji barci ya ƙi zuwa don jikina ya saba da jijjiga. A tsakiyar hanya aka tsaya salla da cin abinci. Na nemi shinkafa faranti ɗaya irin namu, sai ga tire an dire mini a kan darduma da kaza sukutum a kai. Na ɗauka na mutum huɗu ne, na yafito wasu 'yan Indunusiya biyu su zo mu ci, suka nuna mini nasu tiren, kowa da kazarsa. Da muka kusa Madina na ga babban allo a kan titi: Musulmi su miƙe, wanda ba Musulmi ba ya karkata ya bi ta bayan gari. Na karanta na wuce, ban kawo komai a raina ba. Ba da jimawa ba hasumiyoyin masallacin Annabi suka bayyana, bas ɗin ya ɗauki salati, ni kuwa hawaye suka zubo mini ban san lokacin ba. Ba na jin kunyar faɗa, na yi kuka sosai.

Dakta Habibu ya tarye ni a tasha ya rungume ni, sannan ya sake ni da sauri ya ce, "Kai mutumina, Hajiya ta aiko da daddawa ke nan!" Gidansa a unguwar Harra ta Yamma yake, hawa na biyu. 'Ya'yansa suka zo suka gaishe ni, na tambayi babban sunansa da ajinsu, ya gane sarai amma ya amsa da Larabci. Na ce Habibu, ka bari yara sun sayar da harshe? Ya ce, "Wallahi a gida Hausa ake musu, amma halas, magana ta ƙare, titi ya fi ni ƙarfi." Da safe wake dafaffe ake ci da man zaitun da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis, kuma na yarda ya yi daɗi, ko da yake na ce masa bai kai ƙosai ba don kada ya ji daɗi da yawa. Maƙwabcinsa Balarabe ya gayyace mu gahawa. Ɗan kofi ne kamar murfin kwalba, da na shanye na miƙa sai a sake cikawa. Ni a tarbiyyarmu ba a mayar da abin da mai gida ya miƙo, don haka na yi ta sha har zuciyata ta fara bugawa a kunne. Habibu yana kallona yana danne dariya, sai da na kusa tashi sama sannan ya raɗa mini in girgiza kofin, alamar na ƙoshi ke nan.

Washegari muka nufi Harra ta Gabas wurin Baba Ɗanladi. Unguwa ce mai matsattsun lunguna da tsofaffin gidaje, in ka rufe ido ka ji Hausar Kano da ta Damagaram da ta Sudan a cakuɗe sai ka ce Fagge kake. 'Yarsa Hajiya Rabi ce ta shigar da mu. Ita kaɗai ta rage masa, don lokacin da abin ya faru tana gidan miji a wani gari. Baba tsoho ne siriri, muryarsa ta dushe, amma idonsa tar. Ya tambaye ni Kaduna, ya tambaye ni ko har yanzu mahautanmu suna hura wa nama iska. Da na zo kan maganar da ta kawo ni ya ce ya shirya tun ba yau ba, Baturen ya shigo.

Nan Habibu ya gyara zama ya ce, "Baba, ai shi ba zai iya shigowa ba. Ba Musulmi ba ne. Yana wani otal can hanyar filin jirgi, bayan iyaka. Mota ce za ta kai ka ta dawo da kai, mafi mushkila, wato ba matsala."

Baba ya dube shi ya ce, "Likita, ni ba na fita."

Hajiya Rabi ce ta yi mana bayani. Tun ranar da Baba ya sa ƙafa a Madina ya yi alkawari tsakaninsa da Allah ba zai sake ƙetare iyakar haramin garin ba, don kada ajali ya riske shi a waje. Burinsa ɗaya a duniya, ya mutu a ciki a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ko Makka ya daina zuwa. An taɓa rubuta masa wani asibiti a bayan gari ya ce a bar shi da ciwonsa. Irin waɗannan tsofaffi suna da yawa a unguwar, kuma babu mai ganin abin da mamaki sai baƙo irina. Na yi lallashi, na kawo hujja, na ce tafiyar ba ta kai a dafa shinkafa ba. Ya ce, "Malam, Mala'ikan mutuwa yana jiran shinkafa ta nuna ne?"

Muka tafi otal wurin ɗan majalisar, Mista Tomas. Dogo ne, rana ta riga ta mayar da fuskarsa kamar tumatir, ga wata malafa da ya sayo wadda ta fi kansa girma. Mutum ne mai fara'a, ya koyi "sannu" a jirgi yana ta rabawa har ga ma'aikatan otal 'yan Filifin. Da na gaya masa halin da ake ciki murmushinsa ya ɗauke. Mai shaida ba ya fita, mai karɓar shaida ba ya shiga. Habibu, da ba ya rabo da tsokana, ya ce a sa masa jallabiya da rawani a kwantar da shi a bayan mota. Mista Tomas ya yi dariya har da buga cinya, sannan ya ce binciken da ya fara da ƙarya lauyoyin kamfani za su cinye shi ɗanye, kuma ba zai raina dokar garin mutane ba. Daga nan na ji mutumin ya kwanta mini.

Muka yi ta zarya tsakanin otal da Harra ta Gabas kamar masu neman aure. Ga shi duk lokacin salla gari yana rufewa ruf, kanti da gidan mai da komai, kana tsakiyar ciniki mai kanti zai ja ƙofa ya bar ka da kaya a hannu. Da farko abin ya ba ni haushi, daga baya na ce ina ma Kasuwar Barci tamu ta Kaduna za ta koya. Kwanakin Mista Tomas suna ta ƙarewa, mu kuma ba mu ga mafita ba. Hajiya Rabi ce ta warware mana, tana tsaye tana tankaɗe gari. Ta ce, "Wai ita iyakar nan ba ginshiƙi aka kafa mata a bakin titi ba? Ku kai Baba gindinsa ta ciki, Baturen ya zauna ta waje. Magana ai ba ta buƙatar igama, takardar zaman ƙasa, ta ƙetara." Muka dubi juna ni da Habibu. Baba ya ce ya yarda, da sharaɗin yana ganin ginshiƙin da idonsa, don bai amince da lissafin kowa ba.

Da hantsi muka isa. Wuri ne fili, baƙaƙen duwatsu ko'ina, ga titi ga farin ginshiƙi. Muka shimfiɗa wa Baba darduma ta ciki, Hajiya Rabi ta riƙe masa lema. Mista Tomas ya zo da kujerar roba daga otal ya kafa ta waje, ya ɗora rikoda a gwiwa. Ni na tsuguna a tsakiya. Wata motar 'yan sanda ta tsaya, aka tambayi abin da muke yi, Habibu ya nuna takardun izini ya yi bayani. Ɗan sandan ya dubi Baba, ya dubi Bature, ya dubi ginshiƙi, ya girgiza kai yana murmushi, ya karɓi shayin na'ana kofi guda ya tafi.

Baba da alwalarsa ya zo. Na ba shi rantsuwa yadda muke yi a kotu, ya fara. Ya ce shi ke kai nama gidan baƙin kamfani. A makon da abin zai faru wani babba ya zo daga Turai, aka ce a yanka masa raguna. Baba ya ga sojoji suna taruwa a harabar kamfani, kuma wani direba ya tsegunta masa cewa zango za a tayar, saboda ƙasar da ke ƙarƙashinsa ake so. Sai ya sa babbar rigarsa ya je ya tsaya a ƙofar ɗakin cin abinci har aka shigar da shi.

Daidai nan wata tirela ta wuce ta kwashe maganar. Baba ya maimaita. Wata ta sake wucewa, da wata a bayanta, don ashe hanyar manyan motoci ce masu zagaye gari. Ni da ke kusa da shi da kyar nake tsintar kalmomin. Mista Tomas ya mayar da kaset baya ya kunna, ba abin da ke fita sai rugugin injin, da muryata ina cewa "Na'am, Baba?" Ya miƙa hannu da rikodar iya tsawonsa, aka sake gwadawa, duk ɗaya. Ya ce da ni a hankali, in muryar Baba ba ta fito ba, lauyoyi za su ce tafinta ne ya yi shaida. Can bayansa, da ɗan nisa ta waje, akwai katangar wata gonar dabino mai inuwa, inda ƙarar titi ba ta kaiwa. Duk mun gan ta, ba wanda ya yi ƙarfin halin ambata.

Baba ya tambaye ni me Baturen ya ce. Na so in sassauta, amma na rantse ba zan ƙara ba zan rage ba. Na ce, "Baba, ya ce ba a jin ka."

Ya daɗe yana kallon ginshiƙin. Sannan ya ce, "Wancan na kamfani na gaya masa bai ji ba. Wannan ma ya taso tun daga garinsu ya koma bai ji ba?" Ya laluba sandarsa ya miƙe. Kafin mu ankara ya wuce ni, ya wuce ginshiƙi, ya nufi katangar nan yana ɗingishi.

Hajiya Rabi ta saki lema ta ce, "Baba! Ka fita fa!"

Bai waiwayo ba. Ya ce, "Na sani, Rabi. Uwarki da ƙannenki da aka tura rami ɗaya, wa ya tambaye su inda suke so a binne su? Ɗauko dardumar."

A gindin katangar ya faɗi komai. Ya faɗi yadda ya durƙusa a gaban babban nan ya gaya masa sojoji na shirin afka wa zango, yadda akawun kamfani ya fassara, yadda mutumin ya ajiye cokali ya saurara, ya ce za a duba, sannan ya yaba naman. Ya kwatanta shi, aka nuna masa hotuna ya ɗora yatsa a kan ɗaya ba tare da jinkiri ba. Daga nan ya shiga kiran sunayen mutanen zango gida-gida, tun daga bakin masallaci har mahauta. Mista Tomas ya cire malafarsa ya riƙe a hannu, rana tana dukan ƙeyarsa. Na yi tafinta a shari'o'in kisa da yawa, amma ban taɓa fassara irin wannan ba. Da ya gama ya miƙe, muka taka tare muka koma. Yana wuce ginshiƙi ya dafa shi, ya ce alhamdu lillahi, sannan ya tambaya ko akwai sauran shayi, don maƙogwaronsa ya bushe.

Na yi Umara a hanyar dawowa, na iso Kano da dabino da zamzam, jakata kuwa ta bi wani jirgin ta yi yawonta kafin ta same ni a Kaduna. Bayan 'yan watanni Mista Tomas ya bugo wa lauya waya. Kwamiti ya karɓi shaidar, ya kira daraktan nan ya zauna a gabansu. Da ya ce bai tuna wani mahauci ba, aka kunna masa kaset a bainar jama'a. Abin da zai biyo baya yana hannun mahukuntansu, ni ban sani ba, ba kuma zan ƙirƙira muku ba.

Na je wurin masu wayar haya na bugo gidan Habibu, aka ɗauko Baba a mota ya zo ya karɓa. Na ɗaga murya na ba shi labari. Bai tambaye ni ko za a ɗaure kowa ba. Ya ce, "Malam, yana zaune aka kunna?"

Na ce yana zaune, Baba.

"Har sunayen?"

Na ce har sunayen, ba a tsallake ko ɗaya ba.

Sai na ji ya juya yana cewa, "Rabi, an kira sunan uwarki a gabansa."